Lilon Tesla da Mafarkin Wutar Kyauta

A 1891 Nikola Tesla ya ƙirƙiro taransifoma mai aiki kamar lilo: turi kaɗan a kan kari, sai ƙarfin wuta ya yi ta hauhawa. A 1901, da dala 150,000 na attajiri J. P. Morgan, ya fara gina hasumiyar Wardenclyffe a Amurka, yana burin aika lantarki ba tare da waya ba. Kuɗi suka ƙare, aka rushe ta a 1917.

Har yau masu gwaji a gida kan naɗa waya, ƙwai ya kama, su ce sun samo wutar kyauta. Alhali Tesla kansa da janareta ya dogara. Lilo tara turi yake yi, ba ya haifar da shi. Auna wutar da ta shiga, za ka tarar ta fi wadda ta fito.