Yadda Kowace Na'ura Ta Samu Kwaɗonta a Linux

Duk lokacin da ka soka filashi a kwamfuta mai Linux, zuciyar tsarin, wato kanel, takan nemo direban da ya san kan wannan na'ura ta ɗaura su tare. Ɗaurin ba ya daɗewa, amma a ɗan tsakanin nan hatsarin yake: ana iya zare filashin, ko a ba da umarnin sauke direban, alhali ba a gama ƙulla su ba.

Da Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, da furosesa ɗaya ake lissafi. Sigar 2.0 ta 1996 ce ta karɓi furosesa da yawa, aka kuma yi maganin karo da babban kwaɗo guda: wanda ya riga shiga kanel ya kulle, saura su jira. An samu lafiya, amma layi ya yi tsawo. Sai a 2011, a sigar 2.6.39, Arnd Bergmann ya kawar da ragowar babban kwaɗon.

Tun kafin nan Patrick Mochel ya jera na'urori kamar zuriya, uwa da 'ya'yanta, tsarin da ya fito a sigar 2.6 cikin Disamba 2003. A 2005 aka ba mai kula da kwamfuta ikon ɗaura direba ko kwance shi da kansa ta fayilolin kanel da ake kira sysfs, kowace na'ura kuma ta samu nata kwaɗon, wanda ake riƙewa har a gama ɗaurin.

Yawan kwaɗo ya zo da tasa matsalar. Idan wani aiki ya kulle uwa yana jiran 'ya, wani kuma ya kulle 'yar yana jiran uwa, an yi cirko-cirko ke nan, kwamfuta ta sandare. Shi ya sa a ɓangaren USB ƙa'idar ita ce a fara kulle uwa.

Abin da ya fi damuna shi ne sa ido. A 2006 Ingo Molnar ya kawo lockdep, mai gano irin wannan sarƙaƙiya tun ba ta auku ba. Sai dai a wurin lockdep kwaɗunan na'urori duk jinsi ɗaya ne, ba ya bambance na uwa da na 'ya, don haka a 2010 aka keɓe su daga bincikensa. Daga 2015 kuwa, a sigar 4.2, aka ba direbobi damar ɗaurawa lokaci guda don kwamfuta ta tashi da wuri, sai nauyin kiyaye jerin kullewa ya ƙaru a wuyan masu duba rubutun kanel layi-layi.