Iyakar Hujjar van der Kolk a kan Jinyar Firgici ta Hanyar Jiki

Tun da Bessel van der Kolk ya wallafa littafinsa The Body Keeps the Score a 2014, wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin masu jinyar waɗanda bala'i ya rutsa da su. Cewa ake yi firgicin da ke biyo bayan yaƙi ko fyaɗe ko garkuwa da mutane, wanda likitoci ke kira PTSD, a tsoka da jijiyoyi yake maƙalewa, don haka zaman tattaunawa da majinyaci ba ya kai wa ga ciwon, sai an bi ta numfashi da motsa jiki da yoga. Mabiyansa sun fi shi zaƙewa, amma a wurinsa suka samo makamin. A ganina an ɗora wa hujjar kayan da suka fi ƙarfinta.

Hanyar jinyar jiki ta Peter Levine (1997) da nazariyyar Stephen Porges a kan jijiyar vagus (1995) sanannu ne, haka ma sukar da Grossman (2023) ya yi wa tushen nazariyyar. Ba zan tsaya a kansu ba. Gardamar tana kan iƙirari ɗaya: wai magana ba ta isa inda ciwon yake.

Babban abin da van der Kolk ya dogara da shi a nan shi ne binciken da suka yi da Rauch da abokan aikinsu a 1996. An sa majinyata su saurari labarin abin da ya same su ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, sai aka ga aiki ya ragu a sashen Broca, wanda ke da hannu wajen harhaɗa magana. Daga nan aka yanke hukuncin cewa firgici yana kashe harshe. To, mutum 8 kacal aka gwada. Sannan abin da hoton ya nuna shi ne halin da ƙwaƙwalwa ke ciki a ɗan lokacin da tsoron ya dawo sabo fil. Kowa ya san wanda ya firgita bakinsa kan mutu. Hakan bai nuna ba zai iya ba da labari ba idan hankalinsa ya kwanta, a gaban wanda ya amince da shi.

An kuwa gwada. Neuner da abokan aikinsa (2004) sun yi aiki da 'yan gudun hijirar Sudan 43 a sansanin Imvepi na arewacin Uganda. Waɗanda aka zaunar sau huɗu suka ba da tarihin rayuwarsu daki-daki, kashi 29 cikin 100 ne suka rage da ciwon bayan shekara guda. A sauran rukunai biyu da ba a bi wannan hanyar da su ba, kusan kashi 80 ne. Wannan ma ƙaramin bincike ne, amma irinsa da dama ne suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2013 ta ba da shawarar jinyar da ke tunkarar tunanin bala'in kai tsaye.

Van der Kolk yana da amsa, kuma mai nauyi ce. Zai ce a duba tsoffin sojojin Amurka: bitar Steenkamp da abokan aikinta (2015) ta nuna kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda aka yi wa fitattun hanyoyin jinyar tattaunawa guda biyu ba su rabu da ciwon ba, ban da masu gudu kafin a gama. Zai kuma kawo gwajinsa na 2014, inda mata 64 da ciwon ya daɗe a jikinsu suka shiga shirin mako 10. Kashi 52 cikin 100 na masu yoga sun fita daga ma'aunin ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 21 ne. Sai dai darasin kiwon lafiyar mata aka yi wa wancan rukunin, wanda ba maganin firgici ba ne, don haka gwajin bai haɗa yoga da jinyar tattaunawa a fage ɗaya ba.

A nan dole da'awata ta ragu, domin daga baya an haɗa su. Zaccari da abokan aikinta (2023) sun kwatanta yoga da jinyar tattaunawa ta CPT a kan mata tsoffin sojoji da aka ci zarafinsu, sakamakon ya zo kusan kunnen doki, kuma masu yoga sun fi jurewa har ƙarshe. Saboda haka ba za a ce hanyar jiki shirme ce ba. Ga matar da ta tsero daga Bama ko Gwoza, wadda ke zuwa asibiti da ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci, kuma kunya ta hana ta buɗe baki a gaban baƙo, mai yiwuwa farawa da numfashi ya fi dacewa. Shirin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya ma da koyar da jan numfashi a hankali yake somawa.

Amma kunnen dokin nan bai yi wa iƙirarin van der Kolk daɗi ba. Da a ce magana ba ta isa ga ciwon, da yoga ta yi wa CPT fintinkau. Abin da gwajin ya tabbatar bai wuce cewa akwai hanya fiye da ɗaya ba, kuma wasu majinyata sun fi iya jure ɗaya. Damuwata ita ce inda ƙwararru suka yi ƙaranci, kamar Borno da Yobe, horon motsa jiki na 'yan kwanaki ya fi arha, kuma littafin na iya zama uzurin daina horar da ma'aikatan da za su zauna su saurari labarin wanda ya shirya faɗa.