Zumunta a Ƙafa Take: Tarihin Tafiyar Iyali a Hanyoyin Sakkwato

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Karin maganar ta girmi mota da kwalta, kuma ma'anarta a fili take: ɗan'uwan da ba a taka an je gidansa ba, sannu a hankali yakan koma bare. Sai dai akwai bambanci tsakanin tafiyar magidanci shi kaɗai da tafiyar da ake yi da mace mai goyo da yara ƙanana. Namiji mai ƙarfi yana iya jure ƙishirwa, ya kwana a daji, ya gudu idan gudu ya kama. Iyali kuwa ba sa tashi sai an tabbatar da abu uku: ruwa a hanya, aminci daga mahara, da abin biyan kuɗin tafiya. Saboda haka mai son auna zaman lafiyar ƙasa a wani zamani yana iya tambaya ko iyaye na yarda su ɗauki 'ya'yansu su kai su gaida kakanni a wani gari. A ƙasar Sakkwato, amsar wannan tambaya ta sauya sau da dama cikin shekaru 200 da suka wuce.

Birnin da masu hijira suka kafa

Tarihin Sakkwato kansa da tafiyar iyali ya fara. A watan Fabrairun 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, kuma jama'ar da ta bi shi ta haɗa da mata da tsofaffi da yara. 'Yarsa Nana Asma'u tana da kimanin shekara goma a lokacin. Daga Gudu jama'a ta yi ta sauya mazauni cikin yaƙi da yunwa, ta ratsa ƙasar Zamfara, ta sauka Gwandu, sannan Shehu ya koma Sifawa. Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, mahaifinsa ya tare a cikinta a 1815, ya rasu a 1817.

Bayan an samu natsuwa, gida ɗaya ya rabu garuruwa da yawa. Abdullahi ɗan Fodiyo da zuriyarsa suka zauna Gwandu. Bello ya gina ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837 kuma can kabarinsa yake. 'Ya'ya da jikoki da almajirai aka tura su riƙe wasu ribaɗoɗin a bakin iyaka, auratayya kuma ta ɗaure manyan gidajen Sakkwato da na sauran masarautu. Duk wannan ya haifar da zirga-zirga: gaisuwar mutuwa, ɗaurin aure, suna, da ziyarar Hubbaren Shehu.

A ƙasa kuma, al'adar talakawa tana da nata tafiye-tafiyen da ba a ketarewa. Mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta ta haihu, ta yi wankan jego. Idan ta cika kwana arba'in sai a yi yawon arba'in, a zaga da jariri gidajen dangi. Lokacin yaye akan kai yaro wurin kakarsa. Wani yaron kuma riƙo ake ba da shi ga gwaggo ko kawu a wani ƙauye, ya tashi can. Yawancin waɗannan tafiye-tafiye na yini ne ko na kwana ɗaya, a ƙafa ko a kan jaki, domin aure a wancan zamani bai cika yin nisa ba.

Tsarin 'Yan Taru da Nana Asma'u ta kafa yana nuna wa aka yarda ya kama hanya. Jaji, wato shugabar tawaga, takan taho daga ƙauye sanye da malafa, tana jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, su kawo gaisuwa, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure da ke gida. Matan da ke cikin shekarun haihuwa su ne suka fi kowa zama wuri ɗaya.

Dajin Gundumi

Doguwar tafiya kuwa sai cikin ayari. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, ana sauka zango zango, ana biyan kuɗin fito a bakin kogi da kuɗin wucewa ga masu ƙasa. Matafiyi ɗan Birtaniya Hugh Clapperton ya bar Kano a ƙarshen Fabrairun 1824, bai shiga Sakkwato ba sai bayan kimanin mako uku, kuma sai da Sarkin Musulmi Bello ya aika masa da mahaya suka raka shi ya ƙetare dajin Gundumi. Wannan daji yana tsakanin garuruwan Zamfara da kwarin Rima, ba ruwa a cikinsa, ga kuma mayaƙan Gobirawa da ke kai hari. A 1853 Heinrich Barth ya ratsa shi da tafiyar sa'a 26 ba hutu, kafin ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu. Wanda aka kama a irin wannan hanya bauta ce makomarsa, kuma mata da yara su ne abin da mahara suka fi nema. Ba abin mamaki ba ne idan mutum ya yi shekaru bai ga 'yar'uwarsa da aka aurar Katsina ko Kano ba, sai dai saƙo da goro ta hannun fatake.

Zuwan Turawa ya kawo rabuwa iri biyu. Bayan faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas, dubban mutane suka bi shi da iyalansu. An kashe shi a Burmi a watan Yulin wannan shekara, amma waɗanda suka tsira sun ci gaba da tafiya ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau. Rabuwa ta biyu a kan takarda aka yi ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta mayar da ita iyaka. Faransa ta koka cewa an bar mata hanya marar rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake zane a 1904 da 1906. A nan ne Birnin Ƙonni ya faɗa hannun Faransa, Illela ta zauna hannun Ingila, alhali tazarar da ke tsakaninsu 'yan kilomitoci ce, kuma jama'arsu dangin juna ne.

Jirgin da ya tsaya a Ƙaura

Mulkin mallaka ya kawar da harin bayi, an kuma soke harajin ayari a 1907, don haka hanya ta yi sauƙi ga mai tafiyar ƙasa. Abin hawa ne bai zo da wuri ba. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaurar Namoda a 1929, domin gyaɗa da auduga ya biyo. Har yau bai iso Sakkwato ba. Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa shi da 'yan'uwansa ɗalibai a ƙafa suke zuwa Kwalejin Katsina a shekarun 1920, tafiyar kusan mako guda. Binciken da masanin ƙasa R. M. Prothero ya yi nazarinsa a ranin 1952 zuwa 1953 ya ƙidaya 'yan cin rani sama da 250,000 suna fita ta hanyoyin lardin Sakkwato, kusan dukansu maza, akasarinsu a ƙafa. Iyali suna gida suna jiran damina ta dawo da su.

Wanda ya ɗauki iyali a wancan zamani, motar katako yake shiga zuwa Gusau, tafiyar sama da kilomita 200, mata da yara a saman buhuna, sannan a jira jirgi. Ana yin guzurin fura da ƙuli-ƙuli da butar ruwa, kuma ba a sa ranar isa, domin da damina ruwa na iya cinye hanya a kwana a bakin rafi.

Zamanin Fijo

Abin da yau ake kira tafiya hutu da yara, wato uba a kan sitiyari, uwa a gefe, yara a baya, but cike da tsaraba, haifaffen shekarun 1970 ne. Abubuwa da dama suka haɗu. A 1967 Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, wadda ta miƙa har Minna da Bida, aka riƙa yi wa ma'aikata sauyin wurin aiki zuwa garuruwa masu nisa da mahaifarsu. Kuɗin man fetur ya shimfiɗa kwalta. Najeriya ta koma tuƙin hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, daidai da maƙwabtanta, abin da ya sauƙaƙa shiga Nijar da mota. Ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, shekarar kuma da aka kafa Jami'ar Sakkwato, wadda ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Da rancen mota na gwamnati, malamin sakandare ko akawun ma'aikata ya mallaki Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan zirga-zirga ta ba ɗan yankin damar ƙetare iyaka ba tare da biza ba.

Yaran wancan zamani sun haddace ƙasarsu ta tagar mota. Mai zuwa gabas zai wuce Shuni, Dange, Tureta, Talatar Mafara, Maru, Bunguɗu, Gusau, Tsafe, Funtuwa. Mai zuwa kudu zai bi Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri. Mai zuwa arewa zai ratsa Kware da Gwadabawa ya isa Illela. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ana tashi bayan sallar asuba don a ci rabin hanya kafin rana ta take. A can kuma yaro yana koyon abin da makaranta ba ta koyarwa: wa ake durƙusa wa, wace ce gwaggo wace ce inna, wane ne taubashin da ake tsokana, me ya sa kaka ke kiran jikanta mijinta. Raba jihar a 1976, da fitar da Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, ya ƙara watsa ma'aikata, ya kuma ƙara yawan masu irin wannan tafiya lokacin Sallah da dogon hutu.

Ko a lokacin hanya ba ta rasa cikas ba. Gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa daga 1984 zuwa 1986, haɗurran mota kuma suka yi yawa har aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988. Duk da haka, abin da magidanci ke tsoro shi ne fashewar taya da ramin hanya da ɗan fashin dare, kuma tafiyar rana tana maganin na ƙarshe.

Hanya ta sake ƙunci

Daga shekarun 2010 rikicin da ya faro a Zamfara ya bazu zuwa gabashin Sakkwato: Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo. Dajin Gundumi, wanda Barth ya ratsa da fargaba, ya sake shiga labarai a matsayin maɓoyar 'yan bindiga, hanyar da ta bi ta cikinsa zuwa Isa ta zama abin gudu. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, dangi suka yi makonni ba ji ba gani. A watan Disamban wannan shekara aka ƙone wata motar haya da ta taso daga yankin Sabon Birni, fiye da mutum 20 suka mutu a ciki.

Iyakar arewa ma ta yi ta buɗewa da rufewa. An rufe ta a watan Agustan 2019, aka buɗe Illela a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufe ta har Maris na 2024, mai biki a Ƙonni ya rasa danginsa na Illela sai waɗanda suka bi ta ɓarauniyar hanya. Sai kuma tsada. Kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Tafiyar Sakkwato zuwa Kano, fiye da kilomita 500, ta koma abin da ma'aikaci ke yi wa lissafin watanni.

Sakamakon yana bayyane a gidaje da yawa. Magidanci yana tafiya shi kaɗai, ya wakilci kowa a wurin ta'aziyya, ya dawo washegari, tamkar yadda kakansa ya yi a zamanin cin rani. Masu hali suna hawa jirgi daga filin Sultan Abubakar III, amma jirgi birane yake zuwa, kakanni kuma a ƙauye suke. Wayar salula, da ta shigo a 2001, da kiran bidiyo na WhatsApp sun rage kewa, kuma suna isar da labarin haihuwa da mutuwa cikin minti ɗaya. Abin da ba sa yi shi ne sanya yaro ya kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yan kawunsa, ya ci tuwo kwano ɗaya da su, ya san gonar gidansu da makabartar da kakanninsa ke kwance. Wannan sanayya tana da amfani har a wajen rabon gado da neman aure da ɗaukar nauyin maraya, domin mutum ya fi saurin tsaya wa wanda suka yi wasan ƙasa tare.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a 2024, mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta tashi daga Illela. Kwalta za ta rage sa'o'in tafiya, amma cikin sharuɗɗa ukun da iyali ke dubawa, na tsakiya ne ya fi nauyi a yau. A gabashin jihar ma alƙiblar ziyarar ta juya: tsofaffin da a da ake kai wa jikoki su ne suka baro garuruwansu, wasu suka tare gidajen 'ya'yansu a cikin birnin Sakkwato, wasu suka ƙetara jihar Maraɗi neman mafaka. Akwai yaran da aka haifa a birnin cikin shekaru goma da suka wuce, suna zaune gida ɗaya da kakarsu, suna jin sunan ƙauyensu a bakinta kullum, ba su taɓa taka shi ba.