Tsuntsayen Kaka a Tabkunan Dallol Mawuri

Nijar ba ta da teku, saboda haka mai son kallon tsuntsayen ruwa a ƙasar Arewa, daga Dogon Kiriya zuwa Tibiri, tabki yake nufa. Dallol Mawuri tsohon kwarin kogi ne da ya daina gudu tun dubban shekaru. Ruwansa na kusa da doron ƙasa, damina kuma tana cika ƙananan tabkunansa. A 2004 aka sa wani sashe na kwarin cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar.

Satumba da farkon Oktoba ne lokacin da ya fi cancantar nazari, domin hijira biyu ke haɗuwa. Shamuwa, wadda ta iso da ruwan farko ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, tana haramar komawa kudancin Afirka da 'ya'yanta. A daidai nan baƙin Turai ke sauka bayan sun ƙetare Bahar Rum da Sahara: tsattsewa, ƙananan agwagin ruwa, da masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka a bakin ruwa. Sukan iso a rame. Abin da ke mai da musu ƙiba shi ne fara da tsutsa da 'ya'yan ciyawa da damina ta bari, kuma a wurin suke tarar da 'yan gida, kirinjijiya da dinya da balbela.

Illar ƙarancin ruwa a nan har Turai take kaiwa. Bayan farin da ya afka wa Sahel a 1968, masu ƙidaya a Ingila sun ga wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, da ke hijira zuwa Sahel, ta ragu da fiye da rabi a bazarar 1969.

Sai dai akwai gyara ga yadda ake ƙidayar. Babbar ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a Janairu ake yin ta, lokacin da yawancin tabkunan arewacin Dogon Dutsi sun ƙafe, tsuntsayen sun gangara kogin Kwara wajen Gaya. Lissafin sai ya nuna kamar yankin ba shi da wani muhimmanci, alhali shi ne zangon farko. A ganina, makiyayi da ke shayar da garke kullum a tabki ɗaya, da yaran da ke korar jan baki daga gonar gero, sun fi kowa sanin ranar zuwan kowane tsuntsu, kuma da su ya kamata a fara ƙidayar kaka.