Injin da ya fi kamfaninsa tsawon rai: tarihin Triumph TR da masu gyaransa

A watan Mayu na 1953, a kan wani miƙaƙƙen titi da ke kusa da garin Jabbeke na ƙasar Beljiyam, wani injiniya mai suna Ken Richardson ya tuƙa wata ƙaramar mota mai kujera biyu da gudun da ya kusa mil 125 a sa'a, kimanin kilomita 200 ke nan. Sunan motar Triumph TR2. Bayan shekara huɗu da 'yan watanni, ranar 4 ga Janairun 1958, Sir Edmund Hillary da abokan tafiyarsa suka isa tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya a kan taraktocin Ferguson guda uku. Injin motar da na taraktocin 'yan gida ɗaya ne. Kamfanin Standard da ke birnin Coventry a Ingila shi ya ƙera su, bisa tsari guda.

Kamfanin ya daɗe da shuɗewa. An rufe masana'antarsa ta Canley a 1980, an kuma daina liƙa sunan Triumph a kan mota tun 1984. Duk da haka, har yau akwai dubban waɗannan injuna da ke aiki a Birtaniya da Amurka da Ostireliya, ana sauke su, a sabunta su, a mayar. Dalilin wannan tsawon rai yana cikin wata shawara da aka yanke tun ranar da aka zana injin: an ware ɓangaren da ke cinyewa daga ɓangaren da ba ya cinyewa, ta yadda za a iya musanya na farkon ba tare da an taɓa na biyun ba.

Zamanin da aka haife shi

Birtaniya ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da bashi a wuya da ƙarancin ƙarfe. Gwamnati ce ke rabon ƙarfen, kuma kamfanin da ya fi sayar da kaya a ƙasashen waje shi ke samun kaso mai tsoka, domin ƙasar na matuƙar buƙatar dala. Shugaban Standard, Sir John Black, yana da wata babbar masana'anta a Banner Lane wadda ta ƙera injunan jiragen sama lokacin yaƙi, ga shi yanzu ba ta da aikin yi. Sai ya ƙulla yarjejeniya da Harry Ferguson, wanda ke neman inda za a ƙera masa tarakta. A 1946 aka fara fitar da ƙaramar tarakta mai ruwan toka, TE20, kuma kafin a daina yin ta a 1956 an ƙera sama da rabin miliyan. Sunan Ferguson ɗin nan shi ne rabin sunan jar taraktar Massey Ferguson da manoman ƙasar Hausa suka sani.

Da farko injin Continental na Amurka ake sa wa taraktar, wanda sai da dala ake sayensa. Black ya so inji guda na gida da zai wadatar da taraktar da kuma sabuwar motar iyali mai suna Vanguard, wadda aka nuna a 1947. Dukkansu biyu kayan fitarwa ne zuwa wuraren da hanya ba ta da kyau, fetur ba shi da inganci, kuma babban gareji na iya kasancewa tafiyar kwana guda. Injin da ya fito daga wannan buƙata mai silinda huɗu ne, na baƙin ƙarfe, mai nauyi, ba shi da wani abin burgewa a ido. A cikin tarakta girmansa cc 1,850 ne da farko, ƙarfinsa bai kai doki 30 ba. A cikin Vanguard cc 2,088 ne, mai ƙarfin doki 68.

Masu zolayar Triumph sun daɗe suna cewa injin tarakta ne a cikinta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Gangar jikin injin tarakta daban ake zuba ta, domin ita ce ƙashin bayan da ke riƙe da gaban taraktar da bayanta. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne tsarin ciki da ma'aunai, musamman nisan da fistin ke hawa da sauka, milimita 92, da kuma yadda aka yi silindojin.

Silif mai jiƙa

A yawancin injunan wancan lokaci, ramin da fistin ke kai-komo a ciki an huda shi ne a jikin gangar injin kanta. Idan ramin ya cinye, sai an sauke injin gaba ɗaya, a kai shi wurin masu na'urar huda, a faɗaɗa ramin, a sa fistin mafi girma. Bayan 'yan lokuta ƙarfen ya ƙare, gangar ta zama ta zubarwa ko ta tsadar gyara.

Injiniyoyin Standard sun bi hanyar da Citroën na Faransa ya bi tun a shekarun 1930. Kowace silinda bututun ƙarfe ce mai zaman kanta, wadda kanikawa ke kira silif. Ana zura ta cikin gangar, ta zauna a kan wani ɗan dakali da ke ƙasa, ruwan lagireto kuma yana zagaye ta kai tsaye, shi ya sa ake ce mata mai jiƙa. A ƙarƙashin kowane silif biyu akwai siririn gasket mai siffar lamba 8 da ke hana ruwa gangarawa cikin baƙin mai. Daga sama kuma kan injin ne ke danne su duka huɗun idan an ɗaure shi. Idan silinda ta cinye, sai a zare silif ɗin a sa sabo tare da fistin da ringinsa, injin ya koma ma'auninsa na ranar farko. Ana iya maimaita wannan sau da yawa, gangar tana nan yadda take.

Tsarin ya zo da wata riba ta biyu. Girman injin ya dogara ne ga faɗin silif ɗin da aka sa. Lokacin da Black ya so motar tsere mai araha da za ta shiga kasuwar Amurka, an sa silif mai faɗin milimita 83 a maimakon 85, girman ya sauko zuwa cc 1,991, domin motar ta samu shiga rukunin gasa na ƙasa da lita biyu. Aka ƙara matsin da fistin ke yi wa mai da iska zuwa 8.5 bisa 1, aka sa kafireto biyu na SU, aka ƙarfafa wuraren da gwaji ya nuna suna gazawa. Ƙarfin ya tashi zuwa doki 90. A 1954 TR2 ta lashe gasar RAC Rally ta Birtaniya, ta kuma kammala tseren sa'a 24 na Le Mans a matsayi na 15. TR3 ta kai doki 95, daga baya 100. A 1961 TR4 ta fito da silif na milimita 86 da girman cc 2,138. Kafin injin mai silinda shida ya gaje shi a 1967, an ƙera motocin TR sama da 150,000 da wannan inji, mafi yawansu an tura su Amurka. Ƙaramin kamfanin Morgan ma ya yi amfani da shi a motarsa Plus 4 daga 1950 har ƙarshen shekarun 1960.

Abin da mai gyara ya wajaba ya sani

Sauƙin tsarin bai sa aikin ya zama na ganganci ba. Ma'aunin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne yadda bakin kowane silif zai ɗara saman gangar: tsakanin milimita 0.08 da 0.13, kwatankwacin kaurin takardar rubutu. Idan bai kai haka ba, kan injin ba zai danne shi sosai ba, gasket ya ƙone ko ruwa ya ɓulla. Idan ɗaya ya fi maƙwabcinsa tsawo, matsin ba zai daidaita ba. Don haka ƙwararru kan ɓata sa'o'i suna kankare tsatsa daga dakalin da silif ke zama, suna aunawa, suna sake aunawa, kafin su ɗaure kusa ko ɗaya.

Akwai wani tarko da ya kama masu koyo da yawa. Idan an cire kan injin, sannan aka juya karanshaf ba tare da an danne silif da wani abu ba, fistin na iya ɗaga shi sama kaɗan. Datti ya shiga ƙarƙashinsa, gasket mai siffar 8 ya daina toshewa, bayan an haɗa injin sai a tarar baƙin mai ya koma fari-fari kamar koko. Haka kuma laka da tsatsa sukan taru a bayan silinda ta huɗu, inda ruwa bai cika gudana ba, su sa injin ya riƙa zafi ko da lagireton sabo ne. Bayan karanshaf kuwa babu robar toshewa irin ta yau. Wani zare ne aka sassaƙa da ke mayar da mai ciki yayin juyawa, kuma da wuya a ga tsohuwar TR da ba ta barin ɗigon mai inda ta kwana.

Saitin inji yana da tsari, kuma kafireto ne na ƙarshe a layi. Da farko a daidaita tazarar bawul, kimanin milimita 0.25 idan injin ya huce. Sai a duba wuta: tazarar kwantak, filogi, da lokacin da tartsatsi ke tashi. Sai an tabbatar da waɗannan ake taɓa kafireto, domin yawancin laifin da ake ɗora masa na wuta ne. Kafireton SU yana da ɗan fistin da iska ke ɗagawa, ɗauke da allura mai tsini wadda ke buɗe hanyar fetur gwargwadon yadda ta ɗagu. Tsofaffin kanikawa kan kara bututun roba a kunne su saurari shaƙar kowanne daga cikin biyun har sautin ya zama ɗaya. Daga nan a ɗaga ɗan fistin da kimanin milimita guda. Idan ƙarar injin ta ɗan tashi ta dawo, mai da iska sun daidaita. Idan ta ci gaba da tashi, mai ya yi yawa. Idan ta faɗi, iska ta rinjaya.

Masu neman ƙarin ƙarfi sun bi ƙofar da kamfanin ya buɗe. Silif na milimita 87 yana ba da kusan cc 2,190, na 89 kuma kusan cc 2,290. A Amurka, Kas Kastner, wanda ya jagoranci sashen tseren Triumph a can a shekarun 1960, ya rubuta ƙananan littattafai kan gyaran hanyoyin iska a kan injin da zaɓen kamshaf, waɗanda har yau ake aiki da su. Iyakar injin ita ce karanshaf ɗinsa, mai madogara uku kacal da doguwar tafiyar fistin. An yi shi don ja, ba don juyawa da tsananin sauri ba, kuma kamfanin ya sa iyakarsa a wajen juyi 5,000 a minti. Wanda ke son wuce nan sosai a filin tsere sai ya sayi karanshaf na musamman.

Duniya ta canza, injin ya bi ta

An zana injin ne lokacin da ake zuba dalma a fetur, kuma dalmar tana kare mazaunin bawul ɗin hayaƙi daga cinyewa. Da aka janye irin wannan fetur daga gidajen mai na Birtaniya a farkon 2000, sai aka koma dasa zobe mai tauri a mazaunin bawul. A Satumbar 2021 fetur mai kashi 10 cikin 100 na etanol ya zama na yau da kullum a ƙasar, shi kuma yana cin tsofaffin bututun roba, don haka aka sauya su. Baƙin man zamani an rage masa sinadarin zinki da ke kare kamshaf irin na da, sai masu waɗannan motoci suka koma neman mai kauri, 20W-50, wanda aka haɗa don tsofaffin injuna.

Kowace matsala ta samu magani ne saboda akwai mutanen da suka gaji aikin kamfanin. Ƙungiyar masu motocin, TR Register, an kafa ta a 1970. Kamfanin Moss Motors na Kalifoniya, wanda ya fara a 1948, yana sayar da kayan gyaransu. Kamfanin Burlen da ke Salisbury na ci gaba da ƙera kafireton SU. Littattafan gyara na asali, da ma'aunansu duka, suna hannun kowa.

Bai kamata a yi wa wannan zamani kallon da ya wuce kima ba. Injin TR yana neman kulawa duk bayan 'yan dubban mil, yana ɗigar mai, kuma hayaƙinsa ba zai tsallake dokokin sababbin motoci ba. Injin zamani yana iya yin tafiyar da ta ninka tasa ba a buɗe shi ba. Bambancin yana bayyana ne ranar da ya lalace. A Amurka, taƙaddama kan 'yancin manomi na gyara taraktarsa ta kai ga hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta maka kamfanin John Deere a kotu a Janairun 2025, bisa zargin cewa ya killace manhajar gyara ga dillalansa. Shekara kusan 80 da suka wuce, a Coventry, an ɗauka cewa mai na'ura ko bakaniken garinsu ne zai buɗe ta, aka kuma zana ta a kan wannan zato. Injin da aka haɗa a 1955 yana iya karɓar sababbin silif huɗu a wannan makon, a auna bakinsu, a ɗaure kansa, ya tashi da ma'aunin da ya bar masana'anta da shi.