Zaman benci: hutu ne ko horo?

Mu da muka tashi a waje mun saba jin wai koci ya "hutar" da ɗan wasa. A wajen iyayenmu kuwa, wanda aka ajiye a benci laifi ya yi, shi ke nan. Ni dai ina ganin suna da hujja, domin hutun nan baƙon abu ne a ƙwallo.

Ku duba Al-Wahda, kulob ɗin Makka. Lokacin da ta ci Kofin Sarki na farko a 1957, ko a gasar Ingila babu canji. Ka ji ciwo, sai dai ka yi ta ɗingishi har a tashi. A 1965 Ingila ta yarda da canji ɗaya, Kofin Duniya ya yarda da biyu a 1970, aka kai uku a 1995. Biyar kuwa korona ce ta kawo su a 2020, aka tabbatar a 2022.

A Al-Wahda ɗin nan Usama Hausawi ya taso, haifaffen Makka a 1984 (sunan ma ya gaya muku tushen gidansu). Shi ne kyaftin ɗin Saudiyya a Rasha a 2018, kuma Hausawi uku ne a tawagar, duk 'yan baya: shi, da Umar, da Mu'utaz. Rasha ta yi musu 5-0 ran 14 ga Yuni, jajiberin sallah. Sai koci Pizzi ya shiga juye-juye: Umar ya koma benci, Al-Bulaihi ya buga da Uruguay, Mu'utaz ya buga da Masar aka ci 2-1. Gola ma kowane wasa da nasa. Amma Usama mai shekara 34, wanda ya fi cancantar hutu, da shi aka fara duka ukun cikin kwana 12. To wannan ai ba hutu ba ne, horo ne irin wanda su Baba suka sani.

Yau lissafin ya sauya. Tun 2023 gasar Saudiyya kulob 18 ce, wasa 34 ke nan banda kofi, ga zafin Makka da kan wuce digiri 40, ga azumi da ake bugawa bayan tarawihi. A shekarar ce Al-Wahda ta ɗauko Odion Ighalo namu na Najeriya, shi ma yana da 34.