POLYPTYCHODON: DODON TEKUN DA SUNANSA YA RASA MAI SHI

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, zan kai ku Ingila mu ji tarihin wani suna da ya shekara 175 yana yawo a littattafan masana.

A shekarar 1841 wani masanin ƙasusuwan dabbobi, Richard Owen, wanda shi ne ya ƙirƙiro kalmar dinoso a 1842, ya duba wasu manyan haƙora da aka tono a duwatsun Ingila. Haƙoran masu tsini ne, jikinsu duk zane-zane a tsaye kamar an tattare su. Sai ya raɗa wa mai su suna Polyptychodon, wato mai haƙori da yawan tattara. An sanya shi cikin dangin filiyoso, wasu dabbobi masu kama da kada da suka rayu a teku: ƙaton kai, gajeren wuya, da filafilai huɗu na iyo.

To, ga inda gizo ke saƙar. Haƙora Owen ya gani, ba gangar jiki ba. Daga nan duk wanda ya tono haƙori mai irin wannan zane, a Turai ko a Amurka, sai ya maƙala masa wannan suna. A 1963 har wasu ƙasusuwa daga Texas aka saka a gidan. Sunan ya zama tamkar buhun da ake zuba duk abin da aka rasa wurin ajiye shi.

A 2016 wani masani, Daniel Madzia, ya sake bin haƙoran Ingila ɗaya bayan ɗaya, musamman tarin da aka samo kusa da Kambirij. Ya tarar siffarsu ta sha bamban, kuma tazarar duwatsun da suka fito ciki tana iya wuce shekara miliyan 35. Ina dabba guda za ta daɗe haka? Babu kuma wata alama da ta keɓanta da haƙoran asali. Hukuncinsa: sunan mai kokwanto ne, dabbobi daban-daban aka haɗa.

Ni a ganina ba dabbobin ake ƙaryatawa ba, sun rayu, haƙoransu na nan. Sunan ne bai nuna kowa ba. Mu marubuta mun san haka: in ka ba tauraro suna ba ka ba shi halin da ya raba shi da saura ba, mai karatu ba zai gane shi ba. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.